Baffa Ba Ya Komawa Yamma

Ladan bai rufe baki daga kiran assalatu ba muka fito, ni da yayata, 'yar baffana. Ita ta buga mini ƙofa, ita ce kuma ta hana ni sakat tun farkon mako da maganarta guda: ruwa yana tahowa, mutanen ƙauye duk sun kwashe, Baffa ya ce ba inda za shi. Ga wanda bai sani ba, an ƙara wa madatsar ruwa ta Rusairis tsayi, wadda mu a nan muke kira hazzan, kuma ruwan da zai taru a bayanta zai cinye ƙauyukan bakin kogi har da namu. Hukuma ta gina sababbin gidaje a tudu ta ce kowa ya koma can. Kowa ya koma, ban da tsoho guda, kuma tsohon nan ƙanen mahaifina ne. Abin da ya fito da mu daga garin Wad Madani, kudu da Hartum, ke nan, mu ɗauko shi kafin ruwa ya riga mu.

Raksha ce ta kai mu tasha, keken nan mai ƙafa uku da ya cika gari har jakuna suka rasa aikin yi. Direbanta ya saki kiɗa tun da duhu-duhu, yayata ta ce masa ko mutanen kabari sun ji, ya rage kaɗan, da muka sha kwana ya mayar. A tasha mata masu shayi sun riga sun hura gawayi, ana ta suyar zalabiya, fanken mutanen nan. Na sha shayina a tsaye don zama ya gagare ni. Kuɗin mota ya sake tashi tun zuwana na ƙarshe, na yi wa mai tikiti ƙorafi don dai kada a ce ban yi ba, sannan na biya.

Motar irin manyan nan ce masu na'urar sanyi da talabijin a gaba. Ba mu bar gari ba haƙorana suka fara haɗuwa, yayata kuwa ta naɗe kanta da mayafi, idanu kawai ake gani. Na tuna lokacin da nake yaro, wannan hanyar a saman lori muke yin ta, kan buhunan dawa, in damina ce mota ta kafe a laka a sauka a yi girki a gefen hanya har sai ƙasa ta sha iska. Yanzu ga kwalta shimfiɗe, ga kujera mai kwanciya, amma wallahi ban taɓa jin hanyar ta yi mini nisa kamar ranar ba. Duk tsayuwar da direba ya yi sai in ji kamar in sauka in tura motar.

Gari ya waye muna tsakiyar gonakin Jazira. Wanda ya san wurin nan a da zai yi shiru in ya gan shi yanzu. Magudanan ruwan da ake kira tur'a ciyawa ta toshe rabinsu, audugar da a da take fari fat har ƙarshen gani ta koma ɗan fegi nan, ɗan fegi can. Siririn layin dogon da yake kwasar auduga zuwa injin gurza an cire ƙarafansa, sai tudun da ya bari. A gefen magudanan akwai kambo, wato unguwannin 'yan ƙodago inda mutanenmu da yawa suke zaune, ɗakunan laka ƙanana, amma kusan kowane rufi da farantin kama tashoshi a kansa. Wani dattijo da ke kujerar gefena, Bahaushe ne daga wajen, ya ce masu gonakin 'ya'yansu sun tafi Hartum da Saudiyya, namu ne suke nomawa a raba amfani. Na ce to ai namu sun samu. Ya ce namu ma samarin sun gudu arewa haƙar zinariya da wata na'ura mai kuka in ta ji ƙarfe, gona ta koma hannun tsofaffi da mata.

A Sinnar aka tsaya karin kumallo. Ful ne, wato dafaffen wake, da man riɗi da gurasa, an zuba mai kamar ana jin tsoronsa. Na fi jin daɗin agashen da na saya da muka ɗan tsaya kusa da Mai Wurno, tsiren da kakanninmu suka kawo ƙasar nan har Larabawa suka ɗauka nasu ne. Saurayin da ke gashin na gane ɗanmu ne tun daga yadda yake barbaɗa ƙuli. Na gaishe shi da Hausa, ya amsa da Larabci. Na sake, sai ya yi dariya ya zubo mini wata Hausar Kano tsaf, irin ta finafinan da suke kallo a tauraron ɗan'adam, har da su "yallaɓai". Kakarsa tana zaune a bayansa tana tankaɗe, ta ce ita in yana wannan Hausar ba ta gane rabinta.

Daga Sinja zuwa Abu Na'ama ƙasa ta buɗe, gonakin inji ne iya ganinka, babu bishiya babu bukka. Dawar da ake shukawa a nan gajera ce, ba ta wuce ƙugu ba, an zaɓe ta ne don injin girbi ya iya yanka ta. Ta kakana sai mahayin raƙumi ya ɓace a cikinta, amma wa zai jira ta yanzu. A bakin hanya na ga maza a tsugune da lauje a hannu, masu yankan riɗi ne da ke jiran wanda zai ɗauke su aiki, ga kuma wata doguwar mota ta wuce su ɗauke da injin da zai yi aikin duka. Ba wanda ya ɗaga kai ya kalle ta.

Daga nan shingayen bincike suka yawaita, a sauka, a nuna takarda, a hau. A ɗaya daga cikinsu wayar yayata ta kama, maƙwabcin da yake kai wa Baffa abinci ne. Ya ce ruwa ya shanye gonakin bakin kogi, ya iso gindin tsamiyar masallaci. Tsamiyar nan da ɗakin Baffa, in ka yi kira ana ji. Yayata ta kashe waya ta sa a jaka, ta sake fiddo ta, ta sake mayarwa. Ni kuma na kama tsara maganar da zan yi masa, don na riga na yanke a raina cewa kabarin kakanmu Malam ne ya riƙe shi. Na tanadi ayoyi, na tanadi misalai, har na ji na burge kaina.

Da la'asar sakaliya muka shiga Damazin, muka ƙetare zuwa Rusairis wajen wani ɗan'uwa muka kwana. A hanya na ga hazzan ɗin da idona, gani ya kori ji. Katanga ce ta siminti da ƙasa da ta miƙe har ido ya gaji, ga manyan turakun lantarki sun jeru sun nufi arewa. Ƙauyenmu ya yi shekara da shekaru a bayan wannan wutar yana kunna fitilar kananzir, sai yanzu da za a nutsar da shi aka tuna a ba mutanensa lantarki.

Washegari muka shiga bayan akori-kura zuwa sabon garin, don a can za mu sami wanda zai raka mu. Zan faɗi gaskiya, akwai abin yabawa. Ga famfo, ga makaranta mai tagogi, ga ɗakin shan magani, ga injin niƙa da mata suka ce ya raba su da ciwon kafaɗa. Wata gwaggo ta kama hannuna ta kai ni ta murɗa famfo ta kashe, ta sake murɗawa, tana kallona tana dariya. Sai dai gidajen duk uwa ɗaya uba ɗaya ne, layi-layi, rufin kwano, lamba a ƙofa. Mutum ya fita sallah ya dawo ya faɗa gidan maƙwabci, har wani ya ɗaura jan tsumma a ƙofarsa don ya riƙa ganewa. Awaki ma sun kasa. Masuntan da aka haifa da ƙafa cikin ruwa suna zaune a inuwar bango, kogi ya yi musu nisa, komarsu rataye a taga. Aka nuna mana gidan da aka ba Baffa, a kulle, ko sau ɗaya bai zo ya gan shi ba.

Sauran hanyar da ƙafa muka yi ta, mu da maƙwabcin nan, don baƙar lakar wurin ba ta san mota ba. Takalmina ɗaya ya zauna a ciki, na ciro shi da hannu na riƙe. Ƙauyen da muka tarar kusan ba shi da rufi ko ɗaya, mutane sun cire azara da ƙofofi sun tafi da su, bangaye kawai suka rage. Ruwa ya kwanta lumui inda muke tsinkar kuɓewa da tumatir muna yara, kawunan bishiyoyi ne kaɗai a waje. Ba ya gudu, ba ya ƙara, amma in ka kafa kara a bakinsa ka juya ka dawo sai ka tarar ya wuce shi.

Baffa yana zaune a rumfarsa yana tufka igiya, bukkarsa ta ciyawa ita kaɗai ce da sauran rufi. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya kamar mun zo yawon sallah. Da na ga gaisuwa ba za ta ƙare ba sai na buɗe jawabina a kan kabari, na ce ƙasa duk ta Allah ce, mamaci addu'a yake bukata ba gadi ba. Ya bar ni na kai aya, sannan ya ce, "Malam kake nuhi? Malam ya gama nashi, ɗana. Wanda mutuwa ta iske bisa hanyar Ɗakin Allah an rubuta mishi hajjinai. Ruwa ba ya wanke wanga."

Jawabin da na kwana ina gyarawa ya tashi a banza. Yayata ta ce, "To Baba, mi ya hana ka tashi?"

Ya nuna bayansa da haɓa, wajen sabon garin. "Can yamma ne."

A nan ne na tuna abin da tun muna yara muka mayar abin dariya. Kakanmu, wanda kowa ke kira Malam, ya baro ƙasar Sakkwato da ƙafa da niyyar hajji, shi da iyalinsa. Su yi zango su yi noma, in guzuri ya samu su ƙara gaba. A wani zango cikin ƙasar Cadi aka haifi Baffa. Da suka iso bakin wannan kogi Malam ya ce a ɗan huta, hutun da ya kai shi kabari. Amma har ya rasu bai yarda an ce ya zauna ba, kuma ya bar wa 'ya'yansa doka biyu: kada su kwana a ginin jan bulo ko siminti, don matafiyi ba ya gini, kada kuma su taɓa mayar da gida yamma ko da taki ɗaya ne. Mahaifina ya karya ta farko tun da ya shiga birni. Ni a gidan siminti na girma, ban taɓa jin ta dame ni ba.

Baffa ya ajiye igiyar ya ce, "Tun daga Sakkwato ba mu taɓa komawa baya ba. In na shiga ɗakin hukuma na mutu ciki, mazauni na mutu. In ruwa ya iske ni nan, matahiyi ya iske. Kai ka yi karatu, gaya min wanne ya hi."

Tsoro ya kama ni sosai, don na ga ba rigimar tsufa ba ce, lissafinsa a tsare yake. Ba wai bai taɓa neman tafiya ba. Shekarun baya mijin yayata ya so ya biya masa jirgi, abin ya tsaya a kan takardar zama ɗan ƙasa, jinsiyya, saboda Baffa ba shi da wata shaida ta inda aka haife shi. Tun daga nan ya ce jirgi ba rabonsa ba ne, ya koma jiransa.

Na fiddo waya, don mu mutanen yanzu in dabara ta ƙare mana nan muke komawa. Na nuna masa kibiyar da ke nuna alƙibla, na ce ga shi Makka ma ba gabas sak take ba, ta karkata arewa, sabon garin kuwa tafiyar hantsi ce kawai, a wajen Allah ba a bakin komai take ba. Ya karɓi wayar ya juya ta, kibiyar ta yi rawa ta dawo. Ya miƙo mini ya ce, "Shi wanga abu ya taɓa zuwa?" Maƙwabcinmu ya juya baya yana dariya. Yayata ba ta yi dariya ba, kuka ta fara, tana cewa ita ba za ta koma Madani ta zauna jiran a bugo mata waya an tsamo ubanta da koma ba. Ta ce in ya zauna ita ma ta zauna, ta cire takalmi ta nemi wuri a tabarma.

Ya daɗe yana kallonta. Can ya juyo gare ni ya tambaya motar da ta kawo mu ina ta nufa in ta juya. Na ce Madani. Ya ce daga Madani fa, kwaltar nan ƙarewa take? Na ce a'a, tana haye gada ta bi Gadarif, ta bi Kasala, har Sawakin bakin teku inda ake shiga jirgin ruwa.

"Ashe Madani bisa hanya take."

Na ce bisa hanya take, Baffa. Ban yi ƙarya ba, amma na san abin da nake yi, kuma na ga ya san na sani. Ya kama hannuna da hannunsa mai kaushi ya ce, "Zango za ni yi wurinka, ba zama ba. Ka yi min alkawari ba ka aje ni." Ruwa yana bayan masallaci, yayata tana kallona, na ce na yi alkawari.

Shirinsa bai ɗauki lokacin shan shayi ba. Ya shiga bukka ya fito da sanda da buta da wani ƙulli da na sha gani rataye tun ina yaro ban taɓa tambaya ba. Yayata ta gaya mini haramin Malam ne a ciki, farin yadin da ya saya don ranar da bai gani ba, ya yi ja saboda daɗewa. Komarsa ya ba maƙwabci, awakinsa biyu ma haka. Sai wata sabuwa ta taso: hanyar mota tana yamma da ƙauye, Baffa ya ce ƙafarsa ba za ta taka ta ba. Haka muka nemo masunci mai kwalekwalen inji ya bi da mu ta kan ruwa zuwa arewa har kusa da hazzan. Muka wuce ta saman gonakinmu, mai kwalekwale yana kauce wa kawunan bishiyoyi. Ni na yi ta waiwaye har bukkar ta ɓace, Baffa bai waiwaya ba ko sau ɗaya.

A motar dawowa na zaunar da shi nesa da taga na ja labule, saboda hanyar tana karkata yamma a wurare da dama kuma na san da rana yake auna tafiya. Sanyin motar bai yi masa ba. Ya ce tafiyar da ba gumi ba ƙura shi bai ga inda ladanta yake ba. Talabijin kuwa ya kalle shi ɗan lokaci ya tambaya ko mutanen ciki su ma Madani za su. A Sinnar ya ƙi ful, ya ci gurasa da ruwan shayi, ƙullinsa a kan cinya har muka iso. Da muka shigo gari da yamma na nuna masa gadar da ke haye kogi zuwa Gadarif, ya sa aka buɗe labule, ya bi ta da kallo har muka sha kwana.

Gidana na siminti ne, har da ƙarafa a sama suna jiran bene. Baffa ya tsaya a tsakar gida ya dube shi sama da ƙasa, ya ce madalla, sannan ya nemi a kafa masa rumfa a gindin darbejiya. A nan yake kwana, a nan yake sallah. Matata ta gyara masa ɗaki da fanka, ko leƙawa bai yi ba. Maƙwabta in sun zo gaishe shi suna yi masa barka da zuwa, sai ya ce musu ai wucewa za shi yi. Bayan mako biyu aka bugo mana cewa ruwa ya rufe bukkar, na gaya masa, ya ce Allah Sarki, ya ci gaba da jan carbi.

An ce tafiya mabuɗin ilmi, ni dai wannan ta buɗe mini abin da ya hana ni barci. Na ga famfo da kwalta da lantarki, kuma ba zan ce a mayar da mu zamanin lori ba, don na ga fuskar gwaggon nan a bakin famfo. Amma na ga yadda abin yake zuwa: ba ya tambayar mutum ina ya nufa, lamba yake ba shi ya ce zauna nan. Kakana ya ratso ƙasashe da sanda ba wanda ya tare shi, yau ga mota mai kai mutum teku cikin kwana guda, ɗansa kuma ba zai iya wuce shingen tashar jirgi ba sai da takarda. Na kuma gane cewa mu da muke wa Baffa dariya mun daɗe da sauke kaya, ba mu ma san ranar da muka sauke ba.

Alkawari kaya ne, yanzu ni ke ɗauke da shi. Na shiga ofis ya fi a ƙirga a kan maganar jinsiyya. Wannan ya ce in kawo dattawan da suka san haihuwarsa, dattawan kuwa wasu suna ƙarƙashin ƙasa, ƙasar tana ƙarƙashin ruwa. Wancan ya ce in dawo bayan sallah. Ina komawa, don sannu ba ta hana zuwa, sai dai mai shekarun Baffa ba shi da sannu da yawa a gaba, kuma tari ya fara kama shi tun da sanyi ya shigo.

Kullum in na fito da safe zan tafi kasuwa ina tarar da shi zaune a bakin rumfa, ya yi wanka, sanda a gefe, ƙullin a kan cinya. Yau ma haka. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, sannan ya ce, "Yau ne?"

Na ce, "Sai gobe, Baffa, in Allah ya yarda."

Ya gyaɗa kai, ya gyara wa ƙullin zama. Ya ce, "Haka Malam yake ce muna."